Daga Sakkwato zuwa Papa Westray: jirgin minti biyu da lissafin batir

Babu hanya kai tsaye daga Sakkwato zuwa tsibiran Orkney. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III na sauka Abuja, daga Abuja tafiyar sama da awa shida zuwa Landan, sannan Aberdeen a gabashin Sikotlan. Daga nan wani jirgi mai farfela biyu ya tsallaka teku da mu, ba a cika awa ɗaya ba muka sauka Kirkwall, babban garin tsibiran. Sana'ata harkar sola ce da batir da inbata, kuma abin da ya kai ni shi ne in ga wurin da ake yawan ambata duk sanda aka ɗauko zancen jirgin sama da ba ya ƙona mai.

Orkney tsibirai ne kimanin 70, amma wajen 20 ne kawai ke da mazauna, jimillar mutanen kuwa ba ta wuce 22,000 da ɗan wani abu ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, koriya shar, bishiya sai an nema, iska kuma ba ta hutawa dare da rana. Lokacin zafinsu na je, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, don haka duk Musulmin da zai je ya tanadi jadawalin sallah na wurin tun daga gida, domin idon da ya saba da sararin Sakkwato ba zai gane masa lokaci ba. Wannan iskar ce arzikinsu. Manyan fankokin lantarki sun cika tuddai da gonaki, kuma wutar da suke samarwa a shekara ta fi wadda tsibiran ke sha. Wayoyin da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku zuwa babban yankin Sikotlan ba sa iya kwashe rarar, sai a riƙa tsayar da wasu fankokin alhali iska na kaɗawa. Wuta a banza, tafiye-tafiye gajeru, mutanen da ba su da mafita sai jirgi: waɗannan ukun ne suka sa aka mayar da filin jirgin Kirkwall wurin gwajin jiragen da ba sa fitar da hayaƙi sosai.

Tun 1967 kamfanin Loganair ke zirga-zirga tsakanin tsibiran. Daga Kirkwall ana zuwa Westray, Papa Westray, North Ronaldsay, Sanday, Stronsay da Eday, kuma ba wadda ta wuce tafiyar minti ashirin. Jirgin da ke wannan aiki shi ne Britten-Norman Islander: fiffikensa a sama, ƙafafunsa ba sa naɗewa, injin Lycoming biyu, kowanne mai ƙarfin doki 260, fasinja takwas da matuƙi ɗaya. Malaman makaranta da ke koyarwa a tsibiri fiye da ɗaya, ma'aikatan lafiya, ɗalibai, da wasiƙu, su ne kayansa na kullum, kuma majalisar tsibiran ce ke tallafa wa kuɗin tikiti.

Kafin tashi na tsaya ina kallon matuƙin yana zagaya jirgin. Ya sa wani ɗan kwalba mai haske a ƙarƙashin fiffike, ya tsiyayo mai kaɗan, ya ɗaga sama ya duba. Man shuɗi ne, an rina shi da gangan don kada a rikita shi da kananzir ɗin manyan jirage. Ruwa yake nema: idan raɓa ta taru a tanki, ruwan zai kwanta a gindin kwalbar saboda ya fi mai nauyi. Wannan man ana kiransa 100LL, fetur ne da har yau ake zuba masa dalma don kada injin ya riƙa ƙwanƙwasa, dalmar da aka daina sa wa man mota a duk duniya. Wato a wurin da ya fi ko'ina shahara da zancen jirgi mai tsabta, jirgin da ke ɗaukar mutane yau fetur mai dalma yake sha. Ya kamata a faɗi wannan tun farko, domin hotunan da ke yawo na sa mutum ya zaci an riga an gama.

An auna jakunkuna, matuƙin da kansa ya nuna wa kowa inda zai zauna don nauyi ya daidaita tsakanin gaba da baya. Kwata ɗin awa muka yi zuwa Westray, ƙasa-ƙasa, ana ganin tumaki da layukan katangun dutse. Filin saukar bai wuce mita 500 da kaɗan ba, da ɗan ɗaki guda da ƙaramar motar kashe gobara. Masu kula da filin mutanen tsibirin ne, wasunsu manoma, suna zuwa idan jirgi ya kusa, su koma aikinsu idan ya tashi. Mutum biyu suka sauka, ɗaya ya hau, aka rufe ƙofa.

Daga Westray zuwa Papa Westray kilomita 2.7 ne, kuma ita ce tafiyar jirgin fasinja mafi gajarta a duniya da ke cikin jadawali. Jirgin ya ɗaga, ya ɗan karkata bisa wani siririn ruwa, kafin in gama duba agogo ƙafafunsa sun taɓa tsakuwa. Mafi saurin da aka taɓa yi daƙiƙa 53 ne, matuƙi Stuart Linklater ya yi shi, wanda ya bi wannan hanya sama da sau 12,000 kafin ya yi ritaya a 2013. A Papa Westray akwai Knap of Howar, gidajen dutse biyu da aka gina fiye da shekara 5,000 da suka wuce, bangonsu na tsaye har yau. Daga filin jirgi da ƙafa ake zuwa.

Duk wanda ya yi wannan tafiya zai ce ai wannan aikin batir ne, me ake jira? Ga abin da ake jira.

Kilo ɗaya na man jirgi na ɗauke da ƙarfin da ya kai yunit 12, irin yunit ɗin da muke saya a mita. Kilo ɗaya na batirin litiyam da aka haɗa don jirgi, da akwatinsa da wayoyinsa da na'urar sanyaya shi, yana riƙe kimanin kashi ɗaya cikin biyar na yunit guda. Masu sola a Sakkwato sun san batirin ruwa mai 200Ah: nauyinsa wajen kilo 60, sai mutum biyu sun kama, amma abin da ke cikinsa yunit 2.4 ne, bai kai ƙarfin da ke cikin kofin shayi biyu na fetur ba. Litiyam ya ninka wannan kusan sau biyar, duk da haka tazarar da ke tsakaninsa da mai tana da faɗi ƙwarai. Abin da ke rage tazarar shi ne injin fetur ɓarna gare shi, kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin mai zafi yake zama ya bi iska, ita kuwa motar lantarki, wato injin da wuta ke juyawa, tana mayar da sama da kashi 90 zuwa juyin farfela.

Na zauna a ɗakin jiran Papa Westray na yi lissafin a takarda, kuma ƙiyasi ne na mai sana'a. Islander na shan kusan lita 100 a awa. Tafiyar minti 15 lita 25 ke nan, kilo 18 na mai. Abin da ke isa farfela daga ciki wajen yunit 60 ne. Don batir ya ba da wannan sai ya riƙe kimanin yunit 67, nauyinsa kilo 330 da wani abu. Har nan lissafi bai ɓaci ba, domin idan aka cire injuna biyu aka sa motocin lantarki da ba su kai su nauyi ba, an rage wani abu. Inda yake ɓaci shi ne ajiya. Doka ba ta yarda jirgi ya tashi da man da zai kai shi kawai ba. Da rana, a sarari mai kyau, sai ya riƙe ƙarin na aƙalla minti 30. Ga jirgin fetur wannan kilo 36 ne, ba wanda zai ji shi. Ga jirgin batir kuwa ajiyar ta ninka tafiyar kanta sau biyu, jimilla ta tashi wajen yunit 200, wato batirin tan guda. Islander gaba ɗayansa bai halatta ya wuce kilo 2,994 ba lokacin tashi, kuma abin da ya rage wa mutane da kaya da mai bayan nauyin jikinsa bai fi kilo 1,100 da kaɗan ba. Batir ya cinye kujerun.

Akwai ƙari a kan haka. Jirgin mai yana sauƙi yayin da yake tafiya, na batir kuwa da nauyin da ya tashi da shi yake sauka, a gajeren fili mai tsakuwa, iska na bugunsa ta gefe. Ba a kuma zuƙe batir har ƙasa, domin idan caji ya yi ƙasa ƙarfin turawarsa na raguwa, kuma lokacin ne matuƙi ya fi buƙatar cikakken ƙarfi idan sauka ta ƙi ya sake ɗagawa. Sannan batir na tsufa: lissafin da ya yi daidai ranar da yake sabo ba zai yi ba bayan an yi masa caji ɗaruruwa.

Caji ma wani babi ne. Don a mayar da yunit 67 cikin minti 15 ana buƙatar caja mai ƙarfin kilowat 270 ko fiye. Layin wutar ƙaramin tsibiri mai gidaje ƙalilan ba a gina shi don wannan ba, kuma jirgin ba ya ma tsayawa minti 15 a can. Saboda haka dole ya ɗauko ƙarfin zagayen duka daga Kirkwall: zuwa Westray, tsallakawa Papa Westray, komawa gida, da ajiya a kai. Maganin da ya fi kama hankalina shi ne wanda muke yi a nan kullum: a ajiye babban batir a kwantena a gefen fili, ya riƙa cika sannu a hankali daga fanka ko layi, ya juye wa jirgi da sauri idan ya zo.

Wannan nauyin ne ya sa masu gwaji suka kasu. A watan Agusta na 2021 kamfanin Ampaire na Amurka ya kawo wani Cessna 337 da aka cire masa inji ɗaya aka sa motar lantarki, ɗayan injin ya ci gaba da shan mai, ya yi ta tashi tsakanin Kirkwall da garin Wick na arewacin babban yankin Sikotlan. A ganina wannan haɗin gambizar ce za ta fara ɗaukar fasinja a irin waɗannan hanyoyi, saboda tana warware matsalar ajiya: batir ya yi tafiyar yau da kullum, mai ya zauna a tanki don ranar da hazo ya rufe fili. A shekarar ce kuma aka gwada kai wasiƙu daga Kirkwall zuwa North Ronaldsay da jirgi marar matuƙi na kamfanin Windracers.

Wasu kuma sun bi haidurojin. A hanyar komawa mun bi ta kusa da Eday, inda cibiyar EMEC ke gwada injunan da igiyar ruwan teku ke juyawa. A can ne a 2017 aka fara samar da haidurojin da wutar igiyar ruwa: a tura lantarki cikin ruwa, ya rabu gida biyu, a tara iskar a tukwane. Ana kashe yunit 50 zuwa 55 kafin a samu kilo ɗaya, shi kuma kilon yana riƙe yunit 33, kusan ninki uku na man jirgi. A cikin jirgi ana shigar da shi wani akwati da ke haɗa shi da iskar da muke shaƙa, lantarki ya fito, abin da ya rage ruwa ne. Nauyi ba shi ne matsalarsa ba, girma ne. Sai an matse shi da ƙarfin da ya ninka na sararin sama sau 350 ko 700 a tukwane masu kauri, ko a sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri ya zama ruwa. Akwatin kuma kusan rabin ƙarfin yake mayarwa zafi, sai an ƙara masa lagireto babba, lagireto kuwa na ja wa jirgi iska. Kamfanin Cranfield Aerospace Solutions ya ɗauki aikin mayar da Islander ɗin nan kansa mai haidurojin, ZeroAvia kuma ya tashi da Dornier 228 mai kujera 19 a Janairun 2023, farfela ɗaya na lantarki, ɗaya na injin da aka saba.

Abin da ya sami wani ƙaramin jirgin gwajin ZeroAvia a Afrilun 2021 kusa da Cranfield a Ingila darasi ne ga duk mai taɓa inbata. Cikin gwajin aka kashe batir don a bar akwatin haidurojin shi kaɗai ya riƙe motocin. A ɗan tsakanin, iska ta ci gaba da juya farfela, motar ta koma janareto, ta turo wuta baya da ƙarfin da ya sa kariyar inbata ta kulle kanta. Wutar ba ta dawo ba, aka yi saukar dole a gona, Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Na'urar da aka sa don kare kayan aiki ita ce ta yanke wa jirgin ƙarfi. A ƙasa, inbata ta kulle sai a kashe a kunna. A sama dole mai ƙira ya yanke tun farko wanne za a bari ya ƙone, wanne ba za a taɓa bari ya tsaya ba.

Ɗaya haɗarin shi ne gobarar litiyam. Idan ƙwaya ɗaya ta yi zafi fiye da kima tana kunna ta kusa da ita, ita ma ta kunna ta gaba, kuma ba a kashe irin wannan wuta da toshe mata iska. A Janairun 2013 an dakatar da dukkan jiragen Boeing 787 na wasu watanni saboda batiransu. Shi ya sa ake raba ƙwayoyin da bango mai hana zafi, a sa su a akwati mai bututun fitar da hayaƙi waje, kuma duk wannan nauyi ne da ba ya riƙe caji. Ƙaramar motar kashe gobarar da na gani a Westray da manoman da ke tuƙa ta sai an sake musu horo da kayan aiki kafin irin wannan jirgi ya sauka a can.

Da na dawo gida na je gaida kawuna, tsohon makanike, ya saurari bayanin duka, sannan ya ce, "To ɗana, in batirin ya mutu a sama fa?" Na ce, "Kawu, ba ɗaya ake sawa ba." Pipistrel Velis Electro, jirgin lantarki na farko da hukumar jiragen Turai ta ba wa takardar amincewa a Yunin 2020, batir biyu gare shi, ɗaya a hanci ɗaya a bayan kujeru, kowanne na iya riƙe jirgin idan ɗan'uwansa ya faɗi. Jimillarsu yunit 25 ne ba kaɗan, kujera biyu, tashin minti 50 da ajiya a kai. An fi shekara biyar da wannan, kuma tsallakawa daga kujera biyu zuwa tara ta fi yadda aka zata wuya. Harbour Air na Kanada ya tashi da jirgin Beaver mai sauka a ruwa da lantarki zalla tun Disambar 2019, amma neman izinin ɗaukar fasinja ya ja shekaru. Eviation ya tashi da jirginsa Alice na minti takwas a Satumbar 2022, daga baya aikin ya tsaya. Hukumar NASA ta rufe shirinta na X-57 a 2023 ba tare da ya taɓa tashi ba. Norwe, mai gajerun hanyoyi da yawa a gaɓar teku, ta sa wa kanta 2040 don mayar da su na lantarki.

Man da ake sarrafawa daga tsohon man suya da makamantansa, wanda ake gauraya shi da kananzir har zuwa rabi, na manyan jirage ne irin wanda ya kai ni Landan. Injin fetur na Islander ba ya shan sa. Kuma gaskiya a can ne yawancin hayaƙin yake: jiragen sama na fitar da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya, mafi yawa daga dogayen tafiye-tafiye, kowane kilo na kananzir na barin kilo 3.16 na kabon. Jiragen tsibirai ɗigo ne a ciki. Amfaninsu shi ne a kansu za a koyi aikin, a rubuta dokokin, a horar da makanikai.

Mu a Sakkwato fa? Zuwa Abuja kusan kilomita 500 ne ta sama, batirin yau bai isa ko kusa ba, kuma duk wanda ya zo da wannan alkawari a tambaye shi nauyin batirinsa da minti nawa ya ware na ajiya. Yanayinmu ma kishiyar na Orkney ne. Litiyam ya fi son zafin digiri 15 zuwa 35, mu kuwa a Afrilu muna wuce 40 a inuwa, kwaltar fili ta fi haka. Caji mai sauri na ƙara zafi a kan zafi, don haka sai an sanyaya batir da ruwa tun yana ƙasa, a rumfa, kafin ya tashi. Ƙurar hunturu na toshe lagireto, hazo kuma na rufe fili, kuma idan aka ce a karkata zuwa Birnin Kebbi, tafiyar kimanin kilomita 100 ce ta sama da dole ta kasance cikin ajiya. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da farfela ba sa kama ta sosai, gudun tashi na ƙara tsawo. Abu ɗaya da ke gefenmu a nan shi ne motar lantarki ba ta shaƙar iska, ƙarfinta ba ya raguwa da zafin rana yadda na injin fetur ke yi, muddin an sanyaya ta.

Rana kuwa muna da ita. Faranti mai kilowat ɗaya a Sakkwato na ba da yunit huɗu da rabi zuwa biyar a yini idan ana share masa ƙura. Jirgin da zai yi gajerun tafiye-tafiye goma a rana, kowace yunit 70, na buƙatar yunit 700, wato faranti masu wat 550 kimanin 270, da batirin ƙasa da zai tara wutar. Fili kaɗan ne a gefen titin jirgi, kuma aiki ne da masu sana'armu suka iya.

Inda na ga abin zai fara mana amfani shi ne ƙananan ayyuka. Horar da matuƙa, kamar yadda ake yi a kwalejin Zariya, yawancinsa tashi ne da sauka a kewayen fili ɗaya na ƙasa da awa, daidai abin da aka ƙera Velis don shi. Sai jirage marasa matuƙi masu kai jini da magani, irin waɗanda Zipline ya fara da su a Ruwanda a 2016 ya kuma kawo Kaduna a 2022. Garuruwan fadamar Rima da ruwa ke yankewa da damina, da ƙauyukan tsibiran Neja a ƙasar Yawuri, inda kwalekwale ke cin rayuka kusan kowace shekara, tsibirai ne su ma a wajen mai jiran allurar maganin maciji. Kaya mai kilo biyu ba ya buƙatar batirin tan guda. Batiran da aka cire daga jirage kuma, idan ƙarfinsu ya sauka zuwa wajen kashi 80 cikin ɗari, sun daina amfani a sama amma suna da sauran shekaru a ƙasa, kuma asibitin karkara mai faranti a rufi zai iya riƙe firjin rigakafinsa da su.